Majinyaci a Idon Kyamara: Ciwon Rarrabuwar Mutuntaka a Tsofaffin Fina-finai

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana gaskiya ne a kasuwa da gona da gaban alƙali, amma yana da haɗari idan aka shiga da shi gidan silima. Abin da ido ke gani a majigi abu ne da wani ya zauna ya tsara, ya zaɓi abin da zai nuna, ya zubar da abin da ba zai sayu ba. Duk da haka mai kallo kan fito da yaƙinin cewa ya gani da idonsa, saboda haka ya sani. Babu inda wannan ruɗu ya fi yin ɓarna kamar a fagen cututtukan ƙwaƙwalwa, domin mafi yawan mutane ba su taɓa shiga ɗakin likitan ƙwaƙwalwa ba, ɗan abin da suka sani game da majinyatansa kuwa daga fim suka tsinto shi.

Wannan maƙala ta ɗauki ciwo guda ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, wanda za mu kira ciwon rarrabuwar mutuntaka, domin duba yadda tsofaffin fina-finan Amurka suka fito da shi tun daga 1920 har zuwa 1976, da kuma yadda hoton da suka zana ya biyo ta Indiya ya iso gare mu. Ra'ayina shi ne, waɗannan fina-finai sun ari ciwon ne domin biyan buƙatar labari, kuma duk inda buƙatar labari ta ci karo da gaskiyar majinyaci, majinyacin ne ya sha ƙasa. Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa yana da ruwa da tsaki a wannan magana, domin shi ne zai koyar da nazarin labari, kuma shi ne mai tsaron kalmomin da yara za su riƙa kiran junansu da su.

2.0 Mene ne Wannan Ciwo?

Kafin a yi wa fim hukunci, wajibi ne a san abin da likitoci suka ce. Mai wannan ciwo yakan sami kansa cikin kamanni biyu ko fiye, kowace kama da irin tunaninta da muryarta da yadda take ɗaukar kanta. Tare da haka akwai mantuwa mai tsanani wadda ta wuce mantuwar yau da kullum. Mutum zai tsinci kansa a wani wuri bai san yadda ya je ba, ko ya ga rubutu da hannunsa bai tuna lokacin da ya yi ba, ko a ba shi labarin maganar da ya yi jiya ya ji kamar labarin wani ake ba shi. Masanin Faransa Pierre Janet ya yi bayanin wannan rabuwa ta hankali tun 1889, sannan likitan Amurka Morton Prince ya buga littafi a 1906 a kan wata majinyaciyarsa.

Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka tana da kundin tantance cututtuka da ake kira DSM. A bugun 1980 ta ba ciwon gurbi nasa na kansa, a bugun 1994 ta sauya masa suna, sannan bugun 2013 ya kawo bayanai uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon a Amurka da Kanada da Turai suna ba da labarin azaba ko wulakanci da suka sha tun suna yara. Na biyu, fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda ke zuwa ganin likita daga gida sun taɓa yunƙurin halaka kansu. Na uku, 'yan ƙalilan ne ake ganin sauyin kamanninsu a fili, mafi yawansu ɓoye abin suke yi saboda kunya da tsoro. Magani kuwa zama ne na tattaunawa da likita wanda kan ɗauki shekaru: a fara da kwantar da hankali da tsare lafiyar majinyaci, a bi abin da ya same shi sannu a hankali, daga bisani a taimake shi ya koma cikin jama'a. Ke nan ciwo ne mai ɓuya, mai cin mai shi, mai jinkirin warkewa. Da wannan ma'auni za mu auna fina-finan.

3.0 Mutumin Kirki da Mugu a Jiki Ɗaya

Tushen hoton da duniya ta sani yana cikin ƙagaggen labarin Robert Louis Stevenson na 1886 a kan Dakta Jekyll da Mista Hyde. An mayar da shi fim sau da yawa, fitattu su ne na 1920 da John Barrymore ya fito a ciki, da na 1931 wanda Fredric March ya ci lambar yabo ta Oska a kansa, da na 1941 na Spencer Tracy. A fim ɗin 1931 an yi wa Hyde kwalliya ya fito da kamar biri, haƙora gatso-gatso, gashi har goshi, domin kada mai kallo ya yi shakkar wane ne mugu.

Abin lura shi ne, Jekyll ba majinyaci ba ne. Likita ne mai hankalinsa wanda ya haɗa magani ya sha da gangan domin ya aikata abin da mutuncinsa ya hana shi, kuma yana sane da abin da Hyde ke yi. Jigon labarin wa'azi ne a kan son zuciya da munafuncin manyan mutane. Sai dai da yake shi ne ya riga shiga zukatan masu kallo, sai ya zama ma'aunin da ake ɗora kowane majinyaci a kansa. Daga nan aka gaji tunanin cewa rabuwar gida biyu ce, fari da baƙi, kuma ɗaya ɓangaren lallai mugu ne da ke jiran dare ya yi. A wurin majinyaci na gaskiya kuwa, kamannin da ke bayyana sau da yawa na yaro ne mai tsoro, ko na mai kare kai, ko na wanda ya ɗauki nauyin tuna abin da sauran ba su iya tunawa. Babu wanda ya zaɓi ciwon, balle a ce ya sha shi a kwalba.

4.0 Warkewa Cikin Minti 91

A 1957 aka fitar da fim mai suna The Three Faces of Eve, wanda Nunnally Johnson ya ba da umarni. An gina shi a kan littafin wasu likitoci biyu na jihar Jojiya, Corbett Thigpen da Hervey Cleckley, game da wata matar aure da suka yi wa magani. Joanne Woodward ta fito a kamanni uku: Eve White mai kunya da biyayya, Eve Black mai son rawa da shagali, da Jane mai natsuwa. Ta ci lambar Oska a kan wannan fitowa. Tun kafin labari ya fara, ɗan jarida Alistair Cooke ya bayyana a majigi yana tabbatar wa masu kallo cewa abin da za su gani ya faru da gaske.

Wannan fim ya fi na Jekyll tausayi nesa ba kusa ba, amma dubi yadda ya warware jigonsa. A fitowa ta kusa da ƙarshe, matar ta tuna ranar da aka tilasta mata sumbatar gawar kakarta tana ƙaramar yarinya. Tana tunawa, ta yi kururuwa, sai Eve White da Eve Black suka ɓace, Jane ta rage, ta tafi da sabon miji da 'yarta cikin farin ciki. Duk wannan cikin minti 91.

Matar da aka yi labarin a kanta sunanta Chris Costner Sizemore, kuma ita da kanta ta fito ta bayyana wa duniya a littafinta na 1977. Ta ce kamanninta sun haura 20, kuma ba ta sami lafiya ba sai a 1974, wato shekara 17 bayan fim ya sallame ta a matsayin wadda ta warke. Daɗin daɗawa, da ta so a yi wani fim a kan rayuwarta yadda take, sai ta tarar kamfanin da ya yi na farko yana iƙirarin shi ke da haƙƙin labarin rayuwarta, har sai da maganar ta kai kotu a ƙarshen shekarun 1980. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan mai waƙar sai da ta nemi alƙali kafin ta rera tata. Ta rasu a 2016 bayan ta shafe shekaru tana yawon wayar da kan jama'a a kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Illar wannan zubi ba ƙarama ba ce. Dangin majinyacin da suka yi imani da warkewar rana ɗaya za su gaji da jiran likita, su zargi ɗansu da ƙin warkewa, ko su matsa masa ya tono abin da ya same shi tun bai shirya ba, alhali likitoci sun nuna tono irin wannan ba tare da shiri ba yakan ƙara dagula majinyaci.

5.0 Majinyaci da Wuƙa a Hannu

Shekara uku bayan haka, a 1960, Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, daga littafin Robert Bloch na 1959. Marion Crane ta saci dala 40,000 ta gudu, dare ya yi mata ta sauka a wani masaukin baƙi na gefen hanya, aka kashe ta da wuƙa tana wanka. A ƙarshe aka gano mai masaukin ne, Norman Bates, wanda Anthony Perkins ya fito a matsayinsa. Ya kashe mahaifiyarsa shekaru da suka wuce, ya ajiye gawarta a gida, yana sa tufafinta yana magana da muryarta. Sai aka kawo likitan ƙwaƙwalwa cikin kwat, ya tsaya gaban jami'an tsaro ya yi jawabi na 'yan mintoci yana bayyana cewa uwar ce ta mamaye hankalin ɗan.

Ta fuskar fasaha, Psycho gwanin fim ne, kuma ba na jayayya da masu yaba shi. Ta fuskar majinyaci kuwa, shi ne ya ɗaura masa wuƙa a hannu wadda har yau ba a karɓe ba. Mutumin da ake dangantawa da asalin labarin, Ed Gein, wanda aka kama a jihar Wiskonsin a 1957, wani ciwo daban likitoci suka same shi da shi, ba wannan ba. Amma marubucin labarin tsoro yana buƙatar makashin da zai zauna a gaban mai kallo tun farkon fim ba a gane shi ba, kuma babu dabarar da ta fi sauƙi kamar a ce makashin shi kansa bai san shi ne ba. Wannan dabara ta yi kasuwa, aka yi ta maimaita ta a Sisters na 1972, da Dressed to Kill na 1980, da Identity na 2003, har zuwa Split na 2016 inda aka ba tauraron kamanni 23, ta 24 kuma dodo ce mai hawa bango. Idan aka tuna alƙaluman da aka kawo a baya, za a ga an juya gaskiya a bai-bai: wanda aka zalunta yana yaro, kuma wanda ya fi zama haɗari ga kansa, shi aka nuna wa duniya a matsayin abin gudu.

6.0 Ranar da Fim Ya Shiga Asibiti

Mafi ban tsoro a wannan tarihi shi ne labarin Sybil. Flora Rheta Schreiber ta buga littafin a 1973, aka mayar da shi fim na talabijin a 1976. Sally Field ta fito a matsayin budurwa mai kamanni 16 wadda mahaifiyarta ta gana wa azaba, Joanne Woodward kuwa, wadda ta fito a majinyaciya a 1957, ta dawo a matsayin likita Cornelia Wilbur. Miliyoyin mutane sun karanta littafin, miliyoyi sun kalli fim ɗin.

Kafin wannan lokaci, masu ciwon da aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a duniya baki ɗaya. Zuwa shekarun 1990 ana ƙidaya su da dubbai, mafi yawa a Amurka ta Arewa, kuma yawan kamannin da ake samu a majinyaci ɗaya ya ƙaru ƙwarai. Masana sun rabu gida biyu a kan dalili. Wasu sun ce ciwon dama yana nan, likitoci ne suka fara gane shi. Wasu, irin su Nicholas Spanos, sun ce littafi da fim da tambayoyin likita masu jan ra'ayi su ne suka koya wa mutane masu wata damuwa ta daban yadda za su siffanta damuwarsu.

Ita kanta Sybil, wadda sunanta na gaskiya Shirley Mason, ta rubuta wa likitarta wasiƙa a 1958 tana cewa ba ta da waɗannan kamanni, amma likitar ta ɗauki wasiƙar a matsayin gudun magani. Herbert Spiegel, wani likita da ya taɓa duba ta, ya bayyana a 1997 cewa a ganinsa mace ce mai saurin karɓar abin da aka cusa mata. A 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta bi takardun da aka bari ta nuna yadda aka yi ta amfani da allurar sa maye da dabarar sanya barci wajen zaƙulo labaran. Har yau akwai masu kare Wilbur, kuma kundin DSM da na Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun amince ciwon yana nan. Darasin da ya shafe mu shi ne, labari yana da ƙarfin da zai fita daga majigi ya shiga ɗakin likita ya sauya yadda marar lafiya ke faɗin ciwonsa. Bayan guguwar ta lafa kuma, waɗanda ke da ciwon da gaske su ne suka kwashi zargin ƙarya.

7.0 Hanyar da Hoton Ya Biyo Ya Iso Gare Mu

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da fina-finan da kakannin Amurkawa suka kalla. Amsar tana Indiya. Tun wajen shekarun 1960 fina-finan Indiya suka mamaye gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, yau kuma ga su a wayar kowane yaro da fassarar Hausa. Masu shirya fim na Indiya sun ɗauki wannan zubi kusan yadda yake. A Raat Aur Din na 1967, Nargis ta fito a matar aure mai kamun kai da rana, wadda da dare take zama Peggy mai zuwa gidan rawa, wato dai Eve White da Eve Black cikin sari. A Anniyan na 2005, lauya mai sanyin hali yana da wata kama da ke kashe masu ɓarna ɗaya bayan ɗaya. A Bhool Bhulaiyaa na 2007, matar da ake zaton fatalwar wata tsohuwar 'yar rawa ce ta shige ta, likita ya warkar da ita a dare ɗaya ta hanyar shirya mata wasan kwaikwayo inda ta kashe mutum-mutumi. Rabuwa gida biyu, da kisa, da warkewar nan take, duk ga su nan ba abin da ya ragu. Saboda haka ɗalibin da bai taɓa jin sunan Hitchcock ba yana ɗauke da gadonsa a ka.

8.0 Suna Linzami

A matsayinmu na masu nazarin harshe, akwai wani ɓangare na wannan magana da ya fi kusa da mu. A 1908 likitan Suwizalan Eugen Bleuler ya ƙirƙiro kalmar sikizofireniya daga saiwoyi biyu na Girkanci masu ma'anar tsagewa da hankali. Abin da yake nufi shi ne rashin jituwa tsakanin tunani da ji da aiki a cikin mutum ɗaya, ciwon da mai shi kan ji muryoyi ko ya yi imani da abin da babu. Jama'a da masu shirya fim suka ɗauki ma'anar saiwa suka bar ma'anar likita, suka riƙa kiran mai kamanni da yawa da wannan suna. Har a 2000 fim ɗin barkwanci na Me, Myself & Irene ya maimaita wannan kuskure. Cututtuka ne biyu mabambanta, kowanne da maganinsa, kalma ɗaya ta cakuɗa su.

Sauyin sunan da aka yi a 1994 ma batun ma'ana ne. Tsohon sunan yana nuna mutane da yawa ne a jiki ɗaya, abin da ya yi wa masu fim daɗi. Sabon yana nuna mutum ɗaya ne wanda sassan kansa suka kasa haɗuwa. A Nijeriya ma, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958 wadda ko a sunanta "mahaukata" take kiran majinyata.

Yanzu a gwada fassara sunan fim ɗin 1957 zuwa Hausa kai tsaye: fuskoki uku na Hauwa'u. A Hausa, mai fuska biyu munafuki ne, wanda ya san abin da yake yi, yake nuna wa wannan fari ya nuna wa wancan baƙi. Mai fassarar da ya yi sakaci ya mayar da ciwo laifi da kalma ɗaya. Haka nan kalmar hauka tana haɗiye duk wani bambanci, ta tara mai farfaɗiya da mai baƙin ciki da mai wannan ciwo a kwando ɗaya. Magana zarar bunu ce, kuma sunan da aka laƙaba wa yaro a aji yakan bi shi har gidan aure.

9.0 Hujjar Masu Kare Fim

Masu kare waɗannan fina-finai suna da hujjoji biyu da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce fim nishaɗi ne, ba darasin likitanci ba, kuma babu mai zargin tatsuniya don gizo ya yi magana. Ta biyu ita ce fina-finan Eve da Sybil sun sa jama'a sun fara yarda cewa azabar da aka yi wa yaro ba ta ƙarewa da yarinta, a zamanin da ba a son tayar da wannan magana.

Hujja ta biyu na karɓe ta, kuma alheri ne da ya kamata a ambata. Ta farko kuwa tana da rauni. Mai tatsuniya yana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an shiga duniyar ƙarya an fito. Waɗannan fina-finai sun buɗe da ɗan jarida mai rantsuwa cewa gaskiya ce, ko sun rufe da likita cikin kwat yana yanke hukunci. Wanda ya ari rigar ilimi domin a yarda da shi ba shi da bakin cewa wasa yake yi idan aka kama shi da kuskure. Bugu da ƙari, gizo ba ya neman aiki ko aure, ba ya zama a aji. Majinyaci yana yin duk waɗannan, kuma mutanen da zai nema a wurinsu sun kalli fim.

10.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Ba ina kira a hana kallon waɗannan fina-finai ba ne. Abin da nake kira gare shi shi ne a karanta su yadda ake karanta kowane matani. Kayan aikin da muke nazarin ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da su, wato jigo da zubi da tsari da salo da taurari, sun isa. Malami ya saba wa ɗalibansa da tambayoyi irin waɗannan: Da bakin wa aka ba da labarin, likita ko majinyaci? Wane aiki ciwon yake yi a cikin zubin labarin? Idan aka cire ciwon aka sa maye ko tagwaye a gurbinsa, labarin zai sauya? Idan bai sauya ba, to an ari ciwon ne kawai a matsayin dabara. Yaron da ya iya yi wa fim ɗin Indiya wannan tambaya zai iya yi wa na Kano, zai kuma iya yi wa jita-jitar da ke yawo a waya.

Abu na biyu, malami ya tsare harshen ajinsa. Kada ya bari a kira ɗalibi mahaukaci ko mai fuska biyu don halinsa ya sauya, shi ma kada ya yi.

Abu na uku, malami ya san iyakarsa. Yarinyar da ke yin shiru ta ƙura ido, ko take musun abin da kowa ya ga ta yi, tana iya kasancewa da farfaɗiya, ko yunwa, ko rashin barci, ko wani abu da ke faruwa a gida wanda ba ta iya faɗa. Malamin da ya kalli fim biyu ya fara sa wa yara sunan cuta ya maimaita laifin da muke zargin fim da shi. Aikinsa shi ne ya lura, ya rufa asiri, ya daina duka a kan abin da bai fahimta ba, ya sanar da hukumar makaranta da iyaye cikin hikima, a kai ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Dawanau da Maiduguri. Sau da yawa iyaye za su ce iska ce ko shafar aljanu. Kundin 2013 ya ambaci cewa a wasu al'ummu ciwon kan bayyana da siffar jin wani ya shiga jikin mutum, kuma ya ware abin da addini ko al'ada suka saba da shi daga cikin cuta. Malami ba ya buƙatar jayayya da imanin iyaye. Ya isa ya nuna musu cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma bulala ba ta taɓa zama magani ga yaron da tsoro ne asalin ciwonsa ba.

11.0 Kammalawa

An ga yadda fina-finan Jekyll suka raba mutum gida biyu, fari da baƙi, yadda fim ɗin 1957 ya taƙaita jinyar shekaru zuwa kururuwa ɗaya, yadda Psycho ya mayar da majinyaci makashi, da yadda Sybil ya fita daga majigi ya shiga asibiti. An kuma ga wannan gado ya iso gare mu ta fina-finan Indiya, kuma kalmomin da muke fassara shi da su suna iya ƙara wa majinyaci kaya. Masu shirya waɗannan fina-finai sun ci lambobin yabo, wasunsu sun cancanta. Chris Sizemore kuwa ta yi shekara 17 tana fama da ciwon da duniya ta kalli warkewarsa a majigi. Malamin da zai tsaya gaban yara 60 ko 80 gobe ya tuna cewa a cikinsu akwai mai ɗauke da abin da bai iya faɗa ba, kuma sauran za su kira shi da sunan da suka ji malaminsu ya yarda da shi.